Fentin gidanmu: toka mai duhu ko fari mai sanyi a ido

Asabar, 14 ga Disamba, 2024

An gama filastar falo da ɗakunan kwana a ƙarshen Nuwamba, an ɗaura silin na POP, mai tayil ma ya kwashe kayansa. Saura sikiridin, wato shafen da ke sa bango ya yi santsi kafin fenti, sai fenti da haɗa fitilu. Muna so azumi ya same mu a ciki, ana kuma sa ran ɗaukarsa a farkon Maris. Gidan yana can hanyar Gwarzo, gaba da sabuwar Jami'ar Bayero, a unguwar da har yanzu rabin gidajenta kango ne, layinmu kuma ko burji ba a zuba masa ba.

Maigida ya bar mini zaɓin launi, ya ce ni ce zan wuni da bangon. Na yi ta tacewa har ya rage saura biyu: ruwan toka mai duhu sosai, da fari wanda aka karya kaifinsa da ɗan ruwan madara. Tokar nake so, kuma kowa a gidan ya sani. Na gan ta ne a falon wata ƙawata a Abuja. Allon Ayatul Kursiyyu mai ruwan zinari da ta rataye ya fito fes, koren ganyen shukarta ya ƙara kore, ɗakin ya yi wata irin nutsuwa da ban taɓa samu a farin bango ba. Tun ranar abin ya zauna mini a rai.

Malam mai fenti ya zo yau ya shafa bangon da bayan hannunsa. Ya ce, "Hajiya, bai gama shan iska ba, a ƙara masa." Filastar siminti tana son aƙalla mako huɗu kafin a rufe ta. Idan aka yi gaggawa, ruwan da ke ciki zai fito da wani farin gishiri ya tsattsafo ta cikin fentin, kuma a kan launi mai duhu abin ya fi muni. Na yarda mu jira, dama ban yanke shawara ba.

Asabar, 21 ga Disamba

Na shiga Ƙofar Ruwa, na kuma leƙa shagunan fenti na Sabon Gari. Katin launuka na manyan kamfanoni irin su Dulux da Berger yana da toka kala-kala: wata ta karkata zuwa shuɗi, wata zuwa kore, wata zuwa ruwan ƙasa. Farin ma haka. A ƙarƙashin fitilar shago ba na iya rarrabe su da kyau, sai da na fito da katin bakin ƙofa. Na sayi ƙaramin gwangwani na kowanne, wanda ba ya ƙyalli da kuma satin mai ɗan sheƙi, don in gwada a gida.

Na yi lissafi a mota. Falon ƙafa 20 ne da 15, tsayin bango ƙafa 10, wato kusan mita 6 da 4.5 da 3. Kewayen mita 21, a ninka da 3 ya zama murabba'in mita 63, a cire ƙofofi da tagogi ya rage wajen 53. A jikin bokiti an rubuta lita ɗaya tana rufe murabba'in mita 10 zuwa 12 a bango mai santsi. Fari hannu biyu, wato shafi biyu, zai ci lita 10 ko 11. Mai shagon ya ce toka mai duhu sai hannu uku, domin ana haɗa ta ne a kan tushen da ba shi da farin sinadarin da ke rufe bango da sauri, don haka lita 15 ko 16. Kowanne na zaɓa, bokiti ɗaya mai lita 20 zai isa, amma kuɗin tokar ya ɗara, kuɗin aikinta ma haka.

Asabar, 28 ga Disamba

Ƙanena da ya karanta zanen gine-gine a Jami'ar Ahmadu Bello ya zo hutu, na ja shi zuwa gidan. Ya hana ni shafa gwajin a jikin filasta. Ya ce duk farin da aka ɗora a kan launin siminti zai yi haske fiye da gaskiyarsa, toka kuma za ta saje da abin da ke gefenta, ido ya ruɗe. Sai muka samo fallayen filawud, kowanne kusan mita ɗaya, muka yi musu fenti, yadda zan riƙa ɗaga su daga wannan bango zuwa wancan.

Shi ya nuna mini wata lamba da kamfanonin fenti ke ba kowane launi, LRV, daga 0 zuwa 100. Tana faɗin kashi nawa na hasken da ya faɗa kan bango yake dawowa cikin ɗaki. Farin da na zaɓa yana wajen 82, tokar tana wajen 13. Kenan farin yana mayar da haske fiye da ninki shida. Ya ce ba wai ɗakin zai ninka haske sau shida ba ne, tunda silin da tayil suna nasu aikin, amma bango shi ne mafi faɗi a abin da ido ke gani.

Daga nan ya tsaya tsakiyar falon ya ce, "Yaya, ina gabas?" Na nuna masa. Tagogin falon biyu duk arewa suke kallo, kuma tsakaninsu da katangar maƙwabci bai wuce ƙafa biyar ba. Kano tana wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, don haka duk tsawon hunturu rana ta kudu take ratsawa. Ba ta komawa ta arewa da tsakar rana sai daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta, lokacin kuma tana can sama sosai, katangar ta tare abin da zai shigo. Falon nan ba zai taɓa samun rana kai tsaye ta kirki ba. Hasken da yake samu wanda ya daki katanga ne ya dawo. Na tuna falon ƙawata: bene ne, hawa na biyu, da ƙatuwar ƙofar gilashi, babu abin da ya tare ta.

Ɗakin kwananmu kuwa yamma yake kallo. Daga la'asar rana take shigowa har tsakar ɗaki.

Lahadi, 5 ga Janairu, 2025

Umma ta zo ganin gida. Ta dubi fallen tokar ta daɗe, sannan ta ce, "'Yar nan, wannan ai kalar siminti ce. Baƙo zai shigo ya yi miki addu'ar Allah ya hore kuɗin fenti." Da gaske take faɗa, kuma na san akwai masu irin wannan kallon da yawa cikin waɗanda za su riƙa zama a falon. Ta ba ni labarin yadda suke shafe ɗakunansu da farar ƙasa a cikin birni duk gabatowar Sallah, da tsumma, wasu har su ɗiga bula a ciki don farin ya ƙara fitowa. Ta ce ba don kwalliya kaɗai ba ne. A farin bango kana hango kunama da gizo-gizo tun daga ƙofa, kana ganin sauro inda ya lafe. Unguwar da ke kewaye da kango da ciyawa, ga yara ƙanana masu zama a ƙasa, wannan magana ce mai nauyi. Sauro dama wuri mai duhu yake nema ya ɓuya da rana.

Asabar, 11 ga Janairu

Hazo ya sauko sosai a makon nan, har ba a hango ƙarshen layi da safe. Na bar fallayen a jingine a falo, tagogi a rufe, yau na zo dubawa.

Tokar ta yi furfura. Na ja yatsa a kai, layi ya fito sarai. Ƙurar hunturu fara-fara ce mai sirkin ja, mafi yawanta iska ce ke ɗebo ta daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar farar laka mai laushi. Tana da laushin da ke bi ta ƙarƙashin ƙofa da gefen taga ko an rufe. Na ɗauka bango a tsaye ba zai riƙe ta ba, amma rola tana barin 'yan ƙananan tudu a fuskar fenti, a nan take maƙalewa. A kan farin ma tana nan, na shafa na gani a yatsana, sai dai ido ba ya kama ta, saboda launinta da na fentin dangin juna ne.

Na jiƙa tsumma na goge kowanne. Tokar da ba ta ƙyalli ta bar sawun tsumman, kuma inda na ɗan matsa hannu ya yi sheƙi daban da sauran, ko da ya bushe bai koma ba. Tokar satin ta gogu lafiya, amma wurin da na goge ya fi kewayensa duhu, wato in ka taɓa gefe ɗaya sai ka bi bangon gaba ɗaya. Daga Nuwamba zuwa Maris kenan ana wannan hidima, kusan rabin shekara, a bango mai tsayin ƙafa 10.

Ban bar farin ya tsira ba. Na sa autana ya dafa shi bayan ya ci wainar da aka zuba wa miyar taushe. Yatsu biyar suka fito, manja ya zauna. A wanda ba ya ƙyalli, ko da sabulu sai da inuwar tabon ta rage. A satin ya fita tas. A kan tokar kuwa hannun nasa da ƙyar ake ganinsa. Akwai kuma turaren wuta, wanda ba zan daina ba don bango. A gidan hayar da muke ciki, lungun da nake ajiye kasko ya yi rawaya-rawaya har zuwa silin, ga baƙin hayaƙin maganin sauro a ƙasan bango. Fari yana tona wannan duka.

To kowanne da abin da yake tonawa. Bambancin shi ne, tabon hannu da hayaƙi suna da wurinsu, ka san inda za ka nufa da tsumma, kana kuma iya sauya wa kasko mazauni. Ƙura ba ta da wuri, ko'ina nata ne, kuma ba ni da ikon hana ta shigowa.

Asabar, 18 ga Janairu

Mun je da maigida bayan isha'i don ganin launukan da dare, da doguwar waya da gulob iri uku. A unguwar wuta ba ta zama, abin dogaronmu ƙaramar sola ce da inbata da batir biyu, don haka kowane gulob da za a ƙara lissafi ne, musamman in bazara ta zo fankoki suna kwana suna juyawa.

Da gulob mai lamba 6500K, farin nan ƙal da ya cika kasuwa, tokar ta koma shuɗi-shuɗi, ta yi sanyi marar daɗi. Da mai 3000K, mai hasken rawaya, ta yi kyau ƙwarai, ta yi ɗumi, har maigida ya ce, "Yanzu na gane abin da kika gani a cikinta." Amma gulob ɗaya mai wat 12 bai kai ko'ina ba. Na tsaya gaban fallen da littafi a hannu, rubutun yana yi mini nauyi. Na koma gaban farin da gulob ɗin nan dai, shafin ya buɗe. Farin kuma a ƙarƙashin 3000K ya yi rawaya fiye da yadda nake so, a 6500K ruwan madarar ya ɓace. Mai 4000K ne ya bar shi yadda yake da rana. Ba kowane shago ke da shi ba, amma ana samu.

A wannan falon yara za su yi aikin makaranta, a nan nake duba takardun ɗalibai, a nan Umma za ta buɗe Alƙur'aninta in ta zo, ga idonta ya fara rauni. Na dawo gida ban ce komai ba.

Asabar, 25 ga Janairu

An gama sikiridin, an bi shi da sanfefa. Malam ya rufe ƙofa, ya manna tocila a jikin bango ya haska ta gefe. Bangon da na ɗauka ya miƙe sumul sai ga shi da tudu da kwari, musamman inda aka toshe hanyar wayar wuta. Ya ce, "Hajiya, ash, wato ruwan toka, ba ya rufa wa magini asiri. In kuma satin ne, duk wannan sai ya fito." Gaskiyarsa. Tokar da za ta gogu dole ta zama satin, satin mai duhu kuma yana son bango marar aibu, wato ƙarin sikiridin da ƙarin kuɗi.

Na yanke: falo da baranda ta ciki da ɗakin yara, fari mai ruwan madara, satin. Silin fari tas marar ƙyalli, don ya ɗan fi bangon haske. Tokar za ta tafi wuri biyu. Na farko sikatin, wato layin da ke bin ƙasan bango, da firam ɗin ƙofofi, da fentin mai, inda tsintsiya da abin goge ƙasa da ƙafar yara ke duka kullum. Na biyu bango ɗaya a ɗakin kwananmu, wanda kan gado zai jingina da shi.

Ɗakin kwanan ne ya dace da ita. Haske ya yi masa yawa da yamma, kuma bangon da rana ke duka shi ne na kan gadon. Da na jingina farin falle a wurin da la'asar sai da na runtse ido. Tokar ta shanye kaifin hasken. Na tambayi ƙanena ko hakan zai ƙara zafi, tunda a Afrilu Kano tana haura digiri 40. Ya ce zai ƙara kaɗan, domin duhu yana riƙe abin da fari zai mayar, amma babban abin shi ne ranar da ta riga ta ratso gilashi, maganinta kuma a tare ta tun daga waje da rumfa ko bishiya. Na sa a cikin lissafi.

Ban ji daɗin rabuwa da falon da na yi ta zanawa a raina ba. Har yanzu ina ganin toka mai duhu ta fi kowane launi kwarjini. Amma tana son abu uku: rana mai yawa, wuta mai zama, da iska marar ƙura. Falona ba shi da ko ɗaya.

Asabar, 8 ga Fabrairu

An fara. An shimfiɗa leda da buhunan siminti a kan tayil, an bi gefen tagogi da salatif na takarda. Andakot, wato fentin da ake fara shimfiɗawa a ƙasa, ya hau ranar Laraba, hannun farko na fari jiya.

Da na zo yau na ga bangon kudu ya yi shara-shara, ana hango sikiridin ta ƙasa, ga sawun gangarowar ruwa a wurare. Na leƙa bokitin da yaron Malam ke aiki da shi, fentin ya tsinke, yana zuba daga rola. Ya ce fentin na saurin kamewa ne shi ya sa ya ƙara ruwa. Dalilinsa na da tushe, a irin wannan lokaci danshin iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana, fenti na bushewa tun yana kan rola. Amma ruwan da ya wuce abin da aka rubuta a jikin bokiti yana kashe ƙarfin fentin, kuma satin da aka tsinka ba zai jure gogewa ba, alhali don gogewar na saye shi. Na kira Malam gefe na yi masa magana. Bai yi musu ba, ya ce za a maimaita bangon, kuma daga yanzu za su riƙa zuba kaɗan-kaɗan a faranti suna rufe bokitin.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Falo ya kammala. Da azahar, ba fitila ko ɗaya, ana ganin kowane lungu. Farin bai yi kaifin asibiti ba, ruwan madarar ya tausasa shi, kuma tokar sikatin ta yi masa iyaka mai kyau a ƙasa.

Bangon ɗakin kwana ya fi ba da aiki duk da ƙanƙantarsa. Galan biyu na saya, da Malam ya buɗe su ya ɗiga kowanne a kan kwali sai ga ɗan bambanci, ɗaya ya fi karkata zuwa shuɗi. Launi mai duhu haka yake, ɗigo kaɗan a wajen haɗi sai ya nuna. Ya juye su a bokiti ɗaya ya gauraya sosai kafin ya fara. Ya sa andakot mai ruwan toka a ƙasa maimakon fari, don kada fari ya riƙa leƙowa. Ya zo da sassafe kafin iska ta tashi, ya rufe taga, ya bi bangon daga wannan kusurwa zuwa waccan bai tsaya ba, domin in gefe ya bushe kafin a haɗa shi da na kusa, layi zai fito ya zauna. Hannu uku ya yi. Layin da ke tsakanin tokar da farin silin da ƙaramin burushi ya ja shi, yana riƙe numfashi, ya fita a miƙe.

Na tsaya har la'asar don in ga rana a kansa. Ya yi yadda nake so.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Mun tare. Masu ɗaukar kaya sun goga ƙafar kujera a bangon baranda, baƙin layi ya fito, ruwan sabulu da soso mai laushi suka fitar da shi. Malam ya ce kada a matsa wa bangon da gogewa tukuna, fenti kan ɗauki makonni kafin ya gama ƙarfi ko da ya bushe a hannu.

Lahadi, 9 ga Maris

An ɗauki azumi ranar Asabar 1 ga wata, muna cikin gidan. Gulob biyu masu 4000K sun wadatar da falo, sauran ramukan fitilun da aka huda a POP ban ma sa musu komai ba. Kasko na mayar da shi tsakar ɗaki, nesa da bango. Tokar ɗakin kwana tana tara ƙura kamar yadda gwaji ya nuna, amma bango ɗaya ne, rabinsa kuma gado ya rufe, ina bin sa da busasshen tsumma mai laushi a kan sanda ranar da nake sauya zanin gado.

Ragowar fentin na juye a ƙananan robobi masu murfi, na rubuta lambar kowane launi da sunan ɗakin a jiki, na ajiye a sito inda rana ba ta kaiwa. Abin da ya rage: rumfa a kan tagar yamma kafin Afrilu, dashen darbejiya a gefen in ruwa ya sauka, da sa ido a ƙasan bangon arewa a daminar farko ko danshi zai taso. Labule sai bayan Sallah, yanzu Kantin Kwari ba ta shiguwa, kuma zan tafi da guntun fallen farin a jaka don in kara shi da yadin kafin a yanka.